Yadda ake zana salsalar gidan Šubić na Kuroshiya ba tare da ka rikice ba

Mutane suna yawan tambayata yadda nake haɗa zanen salsalar gidajen sarautar Turai ɗin nan da nake yi a kwali, musamman ɗalibai da aka ɗora musu aiki akan wani gida da ko sunansa basu taɓa ji ba. Toh yau zan bi da kai da gida ɗaya, gidan Šubić na Bribir a ƙasar Kuroshiya, ana furta shi Shubich. Na zana nasu sau da dama kuma har yanzu dasu nake koyar da sabon shiga, don duk wani rami da ake faɗawa a wannan aikin akwai shi a wajensu, suna ɗaya mutum uku, gari ɗaya suna uku, sarakuna biyu masu gaba da juna kowa yana musu kyauta, ga kuma coci a tsakiya. Kuma abin da zaka gani in ka gama shine mutanen nan basu taɓa zama sarakuna ba amma sai da suka ɗauko wanda zai zama sarki suka kawo shi, kuma wannan baya fitowa in sunan uba da ɗa kawai ka jera, sai ka ɗora muƙamai da harkar coci akan bishiyar.

Kayan aiki

Kwali babba fari guda biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na gaske. Fensir da kilina da rula. Biro kala uku, baƙi na jini wato wa ya haifi wa, ja na mulki, kore na addini. Ƙananan katuna kamar talatin, in baka dasu ka yanka tsohon kwalin kalanda ya wadatar. Salatif. Waya mai data.

Wajen karatu kuma, na fi dogara da kundin sani na Kuroshiya da ake kira Hrvatska enciklopedija da kuma Hrvatski biografski leksikon, duka suna intanet kyauta, da yarensu aka rubuta amma Google Translate yana fitar da ma'anar daidai gwargwado. Wikipedia tana da amfani wajen farawa amma kar ka tsaya a kanta. In kana son aiki a kwamfuta akwai manhajar Gramps, kyauta ce, sai dai ni ina ganin wanda bai taɓa yi da hannu ba gara ya fara da hannu, kati zaka iya matsar dashi kana kallon duka gidan a shimfiɗe a tabarma. In babu kwali ka haɗa fallayen takarda huɗu da salatif ta baya. In babu biro kala uku kayi amfani da layi miƙaƙƙe, layi mai ɗigo ɗigo da layi biyu.

Mataki na 1: Taswira kafin suna

Kar ka rubuta sunan kowa tukuna. Buɗe Google Maps ka nemo gaɓar tekun Adiriyatik, yankin Dalmeshiya, ka zana ta a kusurwar kwalinka ko da zanen bai yi kyau ba. Daga arewa zuwa kudu ka saka Zadar, Šibenik, Trogir, Split, Omiš. A cikin ƙasa kuma ka saka Skradin a bakin kogin Krka, Bribir kusa da ita, Ostrovica, Knin, sai Klis a saman dutsen dake kallon Split. Gabas dasu ka rubuta Bosniya. Can nesa arewa ka ɗiga wani ɗigo ka rubuta Zrin, zamu zo kansa a ƙarshe.

A nan na fara cin ƙasa. Bribir biyu ne a Kuroshiya. Akwai na arewa a yankin Vinodol, wannan na gidan Frankopan ne, wani babban gida daban. Na Šubić shine na kusa da Skradin, ka rubuta Bribirska glavica a wajen nema, tudu ne mai kango a kai, tun zamanin Rumawa akwai gari a wajen ana ce masa Varvaria. Zanena na farko a na arewa na saka su, na zauna ina mamakin yadda mutum zai riƙa mulkin Split daga wannan nisan, sai da na yaga kwalin.

Mataki na 2: Yi jadawalin sunaye

Takardun zamanin da Latin aka rubuta su, masu tarihi kuma kowa da yarensa, ɗan Kuroshiya, ɗan Hangari, ɗan Italiya, Bature. Don haka mutum ɗaya zaka ganshi Pavao, Paulus, Pál ko Paul. Juraj shine Georgius shine György shine George. Stjepan ko Stjepko shine Stephanus. Garuruwa ma haka, Zadar ita ce Zara, Split ita ce Spalato, Trogir ita ce Traù, Šibenik ita ce Sebenico, Skradin ita ce Scardona, Klis ita ce Clissa. Shi kansa gidan a zamaninsu an fi kiransu da hakiman Bribir, don haka ka gwada neman Bribirski in Šubić bai kawo maka komai ba.

Ka zaɓi yare ɗaya ka tsaya a kai. Ni na Kuroshiya nake bi. Wanda ya cakuɗa zai wayi gari da Juraj da George a matsayin wa da ƙane alhali mutum ɗaya ne.

Muƙamai biyu kuma dole ka riƙe. Ban shine babban mai riƙe ƙasa a madadin sarki, shi ke jagorantar yaƙi shi ke shari'a. Knez, a Latin comes, mai riƙe gunduma ko gari. A wancan lokacin Kuroshiya da Hangari sarki ɗaya suke da shi tun daga 1102, kuma sarkin yana can Hangari nesa da teku, wannan nisan shine abincin gidan Šubić.

Mataki na 3: Fara daga tsakiya

Sabon shiga kullum yana son farawa daga kakan kakanni. Kar kayi. Can sama hazo ne. Zaka ci karo da wata takarda da ake kira Pacta conventa wadda ke cewa a 1102 dangogi goma sha biyu na Kuroshiya sun yi yarjejeniya da Sarki Koloman na Hangari, kuma Šubić na cikinsu, sai dai kwafin da ake da shi na ƙarni na 14 ne kuma masana sun daɗe suna jayayya akan sahihancinta. Ka rubuta ta da fensir a gefe da alamar tambaya ka wuce.

Ɗauki kati ɗaya ka rubuta Pavao I, an haife shi wajen 1245, ya rasu 1 ga Mayu 1312, ban na Kuroshiya tun farkon shekarun 1270 har mutuwarsa. Ajiye shi a tsakiyar kwali. Kowane kati abu huɗu nake sawa, suna da lamba, shekarar mutuwa, sunan uba, sai inda na samo bayanin a bayan katin. Shekarar mutuwa ta fi ta haihuwa tabbas a mutanen wancan zamani, ita zaka riƙe.

Mataki na 4: Jera jini da baƙin biro

Sama da Pavao ka saka ubansa Stjepko. A layi ɗaya da Pavao ka saka 'yan'uwansa maza Juraj I da Mladen I da 'yar'uwarsu Stanislava. Ƙasa dashi 'ya'yansa, Mladen II, Juraj II, Pavao II da Grgur. Ƙasan Juraj II ka saka Mladen III da Jelena. Ƙasan Pavao II ka saka Juraj III.

Yanzu tsaya ka duba da kyau don nan ne kowa ke zamewa. Mladen II ba ɗan Mladen I bane, Mladen I baffansa ne. Mladen III ba ɗan Mladen II bane, shima baffansa ne. Juraj III ba ɗan Juraj II bane. Lambobin nan masu tarihi ne suka laƙaba daga baya don bambancewa, basu nufin uba da ɗa, gidan ne kawai ke yawan maida sunan baffa akan yaro kamar yadda ake yin takwara. In ka samu kati biyu masu suna ɗaya kana shakka ka duba shekarar mutuwa da garin da yake riƙe.

Kar ka manna komai tukuna.

Mataki na 5: Ja biro, wa ke riƙe da wane gari

Nan aikin yake fara daɗi. Daga kowane kati ka ja jan layi zuwa garin da mutumin ya riƙe a taswirarka. Garuruwan gaɓar teku suna da majalisunsu da dokokinsu kuma su suke zaɓen knez ɗinsu, abin da Pavao yayi shine ya tabbatar duk wanda za'a zaɓa ɗan gidansu ne, shi yana ban, Juraj I yana Trogir da Šibenik, Mladen I yana Split, Omiš ma da ta shahara da 'yan fashin teku ta shigo hannunsu wanda hakan ya riƙa haɗa su faɗa da Benis (Venice), birnin Italiya mai jiragen kasuwanci. In ka gama jan layukan zaka ga kamar gizo gizo ya saƙa yana daga Bribir zuwa teku.

Sai Bosniya. A 1299 Pavao ya fara kiran kansa ubangijin Bosniya, ya ɗora Mladen I a matsayin ban a can, aka kashe Mladen I a 1304, Pavao ya shiga da yaƙi ya ɗora ɗansa Mladen II. Har kuɗi ya buga da sunansa, ya kwaikwayi fasalin kuɗin azurfar Benis, kuma buga kuɗi a wancan zamani hurumin sarki ne, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ya kai. A 1311 Zadar tayi wa Benis tawaye ta karɓi Mladen II, amma abin bai daɗe ba, 1313 ta koma hannun Benis. Ka ja wannan layin da ɗigo ɗigo ka rubuta shekarun biyu a kai. Duk jan layi sai da shekara, in ba haka ba zanenka zai nuna kamar duk lokaci ɗaya suka riƙe komai.

Mataki na 6: Layin sarakuna a saman kwali

Ja dogon layi a can sama daga 1240 zuwa 1360. Saka waɗannan. 1242 Mongol sun koro Sarki Bela IV na Hangari har gaɓar teku ya fake a Trogir, gidan Šubić suka tsaya masa, 1251 ya tabbatar musu da gundumar Bribir. 1290 an kashe Sarki Ladislas IV bai bar magaji ba, rikicin gado ya tashi tsakanin Andrija III da gidan Anjou masu mulkin Nafoli a kudancin Italiya, waɗanda ke neman sarautar ta wajen Sarauniya Mariya 'yar'uwar mamacin.

Toh ga inda zaka ga wayon Pavao. A 1292 'yan Nafoli suka rubuta masa takardar kyautar ƙasa mai faɗi, a 1293 shi kuma Andrija III ya bashi muƙamin ban ya zama na gado a gidansu. Ya karɓi duka biyun. Sabon shiga yakan ɗauka ɗaya daga cikin takardun kuskure ce ya goge, a'a duka ka saka, kibiya biyu daga ɓangare biyu suna sauka akan kati ɗaya. A 1300 Juraj I ya tsallaka Italiya ya taho da yaron gidan Anjou, Karlo Robert, ɗan shekara sha biyu, suka sauka a Split. A farkon 1301 Andrija III ya mutu, gidan Arpad, tsohon gidan sarautar Hangari, ya ƙare, bayan shekaru na rigima yaron nan ya zauna daram a gadon Hangari. Ka zagaye sunansa, zai dawo.

Wani kuskure da nake gani, mutane suna jin labarin Toma babban malamin cocin Split da ya rubuta tarihin garin sai su tafi neman Pavao a ciki. Toma ya rasu 1268 kafin Pavao ya zama ban, na iyayensa da kakanninsa zaka samu a can. Na zamanin Mladen II sai ka nemi Miha Madijev, shima ɗan Split ne, amma ka karanta da lura don mutumin gari ne kuma 'yan gari basu ƙaunar Mladen. Masu iya Latin akwai tarin takardun da Tadija Smičiklas ya fara tattarawa, ana kiransa Codex diplomaticus, in baka iya ba bar shi, ba dole bane a zanen farko.

Mataki na 7: Koren biro

Da yawa suna tsallake wannan, suna ganin harkar coci daban harkar mulki daban, alhali a wancan zamanin wanda ke da bishop a garinsa yana da kotu, yana da masu rubuta takardu, yana da kunne a fadar Fafaroma.

Babban koren layi shine na Šibenik. Garin yana ƙarƙashin bishop na Trogir ne, sun daɗe suna rigima suna son nasu. A 1298 Fafaroma Boniface VIII ya basu, da ƙoƙarin gidan Šubić da sa bakin Sarauniya Mariya ta Nafoli, bishop na farko Martin ne ɗan tsibirin Rab, ɗan ɗariƙar Faransiskan. Ka ja layin daga Šibenik zuwa katunan Pavao da Juraj I, sannan ka ja wani zuwa Nafoli a saman kwali, sai ka duba shekarun, 1298 bishop, 1300 an kawo yaro. Ni dai a ganina wannan ba haɗuwar banza bace, ba ni gishiri in ba ka manda ne, kuma wannan ne dalilin da nake cewa a zana, a karatu shafi daban daban suke zuwa baka haɗa su.

Sauran korayen. A Bribir akwai cocin Maryamu da gidan 'yan Faransiskan, nan aka binne Pavao, kangonsa na nan a kan tudun. Stanislava ta shiga ɗariƙar mata ta Kilara, gidan ibadarsu yana wajen Skradin. Sai Bosniya inda akwai cocinsu na gida wanda Roma ke kallo a matsayin 'yan bidi'a, mabiyansa suna kiran kansu krstjani, kuma labarin da ya zo shine irin waɗannan ne suka kashe Mladen I. Hattara a nan, shafuka da yawa zasu ce maka Bogomil ne kai tsaye, wato wata ɗariƙar da coci ya haramta, masana basu haɗu akan hakan ba, kuma yawancin abin da aka rubuta a kansu maƙiyansu ne suka rubuta. Ni Cocin Bosniya kawai nake sawa.

Mataki na 8: Shekarar 1322

Ka ɗauki jan biro ka fara soke layukan da ka ja. Bayan rasuwar Pavao, Mladen II ya gaji komai amma bai gaji iya zama da mutane ba. Šibenik da Trogir suka juya masa baya suka kama Benis, manyan gidajen Kuroshiya suka haɗa kai, kuma cikin masu yaƙarsa har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a zanenka, Pavao II. Aka gwabza a Bliska kusa da Trogir a 1322, rundunar da Ivan Babonić ke ja ta ci shi. Mladen II ya tafi wajen sarki a Knin yana tsammanin za'a tuna alherin ubansa, sarkin nan kuwa shine yaron da ka zagaye ɗazu, ya kama shi ya tafi dashi Hangari, can ya ƙare rayuwarsa. Bosniya ta koma hannun Stjepan II Kotromanić, Knin kuma ta faɗa hannun Ivan Nelipić.

Kar ka soke duka. Klis da Skradin da Omiš sun saura a reshen Juraj II da ɗansa Mladen III, wanda annoba ta kashe a 1348, kabarinsa na cikin babban cocin Trogir da rubutun dake kiransa garkuwar Kuroshiyawa.

Mataki na 9: Mata, da Jelena guda uku

Layin aure layi biyu ne a kwance. Jelena 'yar Juraj II ta auri Vladislav Kotromanić, ita ta haifi Tvrtko I wanda ya zama sarkin Bosniya na farko a 1377, kaga jinin gidan ya hau gadon ƙasar da aka kore su daga cikinta. Jelena ta biyu matar Mladen III ce, 'yar'uwar Dušan mai mulkin Sabiya, ita shigowa tayi ba 'yar gida bace. Ta uku Jelena Zrinska tana can ƙarni na 17, sama da shekara ɗari uku tsakaninsu, amma in ka rubuta sunan a wajen nema ita zata fara fito maka don ta fi su suna. Kowace ka rubuta sunan ubanta a kati. Pavao II kuma ya auri Elizabeta daga gidan hakiman tsibirin Krk, waɗanda daga baya ake kira Frankopan.

Mataki na 10: Zrin, sannan tawada

A 1347 Sarki Ludovik I ɗan Karlo Robert ya karɓe Ostrovica ya bada Zrin a madadinta ga Juraj III, lokacin yana yaro baffansa Grgur ne ya tsaya masa. Duba taswirarka kaga nisan, an ɗauke su daga bakin teku an kai su can arewa. Daga nan sunan reshen ya koma Zrinski, a Hangari Zrínyi, kuma lamba ta sake farawa, Juraj III na Bribir shine Juraj I Zrinski. Kati ɗaya, suna biyu. Kar ka yanka masa na biyu.

Shawarata ka tsaya nan. Zrinski kwalinsu daban, a can zaka haɗu da Nikola Zrinski da ya mutu yana kare ganuwar Siget ta Hangari a Satumba 1566, kewayen da Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya rasu a cikinsa, da Petar Zrinski da aka sare wa kai tare da surukinsa Fran Krsto Frankopan a Wiener Neustadt ta ƙasar Ostiriya ranar 30 ga Afrilu 1671 bisa ƙulla wa sarkin Habsburg makirci. In ka cusa su a kwali ɗaya rubutun zai ƙanƙance har ba mai iya karantawa, kawai ka ja kibiya daga Juraj zuwa bakin kwali ka rubuta ci gaba a na biyu.

Kafin ka kwafe a kwalin gaske ka bi kowane kati ka tabbatar shekarar ta zo a wuri biyu daban, ba shafi biyu da ɗaya ya kwafi ɗaya ba. Inda suka saɓa da shekara ɗaya ko biyu ka rubuta wajen kaza, ko ka bar shi da fensir. Ka ɗauki hoton katunan a shimfiɗe da waya kafin ka taɓa su, iska ko yaro ɗaya ya isa ya maida ka farko, ya taɓa faruwa dani ana gobe zan kai aikin. Sannan ka fara da baƙi, ka bari ya bushe, sai ja, kore a ƙarshe don shi yafi saurin damewa in ya hau ɗanyen layi. Ka bar faɗin yatsa huɗu fili a ƙasan Mladen I da Juraj I da Grgur, akwai ƙananan rassa da zasu riƙa fito maka in ka zurfafa karatu, kuma zasu buƙaci wajen zama.